“Haka Nake”: Yaudarar Kai da Ikirarin Gaskiya a Falsafar Jean-Paul Sartre

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abin da Jean-Paul Sartre (1905–1980) ya faɗa a kan yaudarar kai a littafinsa L'Être et le Néant na 1943, musamman da'awarsa cewa wanda ya fito ya amsa halinsa, ya ce “haka nake,” yana iya zama cikin yaudarar da ba ta gaza ta mai musu ba. Maƙalar ta goyi bayan wannan da'awa, ta soki misalin ma'aikacin gidan gahawa da aka fi sanin Sartre da shi, sannan ta nuna cewa ba a auna gaskiyar mutum da kansa a bakinsa, sai a abin da ya biyo bayan furucin.

Gabatarwa



A 1943 kamfanin Gallimard ya buga wa Sartre littafi mai shafi sama da 700 a birnin Faris, wanda yake hannun sojojin Jamus tun watan Yunin 1940. Shi kansa marubucin bai daɗe da baro sansanin fursunonin yaƙi na Trier ba, inda ya zauna har zuwa Maris na 1941. Zamani ne da uzurin “ba yadda zan yi” ya yi kasuwa. A ranakun 16 da 17 ga Yulin 1942, 'yan sandan Faransa ne da kansu suka bi gida-gida suka kama Yahudawa kusan 13,000 a Faris da kewayenta. Ba wuya a hasaso abin da irin wannan ɗan sanda zai gaya wa zuciyarsa in dare ya yi: umarni aka ba ni, ina da iyali, in ban yi ba wani zai yi. Wanda ya karanta babin yaudarar kai bai tuna da wannan yanayi ba, zai ɗauka wasan ƙwaƙwalwa ne na masu zaman kashe wando a gidajen gahawa.

Sartre jigo ne a falsafar wanzuwa, wadda take ganin mutum ba ya zuwa duniya a gamamme. Samuwa yake fara yi, sannan ya gina ko shi wane ne da zaɓe-zaɓensa. Ya ɗora wannan ra'ayi a kan kore samuwar Mahalicci, amma ba sai mun bi shi can ba kafin mu amfana da abin da ya hango. Søren Kierkegaard na ƙasar Danmak (1813–1855), wanda ake ɗauka uban wannan mazhaba, mai imani ne, kuma littafinsa na 1849 a kan yanke ƙauna ya riga Sartre nuna cewa mutum kan guje wa zama kansa alhali bai ma san gudu yake ba.

Wa ke yaudarar wa?

Ƙarya ba ta da wuyar fahimta. Akwai mai yi, akwai wanda ake yi wa. Na farko ya san gaskiya, na biyu bai sani ba. Amma idan mutum ɗaya ne a mazaunin biyu, lissafi ya rikice. Dole in san abin da nake ɓoyewa, in san shi sosai ma, kafin in iya ɓoye shi da kyau. In kuwa na san shi, me na ɓoye wa kaina?

Sigmund Freud ya nemi kwance ƙullin ta hanyar raba zuciya: akwai ɓangaren da mutum yake sane da shi, akwai ɓoyayye, a tsakani kuma akwai mai gadi da ke hana wasu sha'awoyi leƙowa. Sartre bai gamsu ba. Ta yaya mai gadin yake gane wanda zai tare in bai san shi ba? Dole ya san abin da yake dannewa, ya san dannewa yake yi, sannan ya ƙi sanin haka. Ke nan an sauke matsalar daga kan mutum sukutum an aza wa wani ɗan ƙaramin mutum a cikinsa, tana nan yadda take.

A nasa bayanin, tun daga ma'auni yaudarar take farawa. Ba wanda ke cewa “bari in gaskata ƙarya.” Abin da mutum yake yi shi ne ya sassauta sharaɗin hujja a inda yake so, ya tsananta shi a inda ba ya so, ya yanke tun farko cewa 'yar alama ta ishe shi. Sartre ya kwatanta shiga wannan hali da yadda mutum yake shiga barci. Hali ne kuma marar tabbas, kullum yana gab da wargajewa, shi ya sa mai shi yake saurin fusata da zarar hira ta doshi wurin. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Waɗanda suka zo daga baya sun rage wa bayanin kaifi. Herbert Fingarette, a 1969, ya ce abin da mai yaudarar kai yake ƙi shi ne ya fayyace wa kansa abin da yake ciki, ya amsa cewa nasa ne. Alfred Mele, a 2001, ya ce ba a buƙatar wata niyya ko kaɗan: son zuciya kawai ya isa ya karkatar da yadda mutum yake tattara hujja da yadda yake tuna ta. Ina ganin Mele ya fi daidai a kan yadda abin yake aukuwa. Sai dai in karkata ce kurum irin ta raunin ido, don me muke ganin laifin mai ita? Wannan tambaya Sartre ne ya fi riƙe ta.

Fuska biyu

Abin da ya ba yaudarar kai wurin zama, in ji shi, shi ne mutum yana da fuska biyu a lokaci guda. Akwai abin da ya riga ya tabbata a kansa: jikinsa, gidan da aka haife shi, abin da ya aikata jiya. Akwai kuma abin da ya saura a buɗe: yadda zai ɗauki waɗannan, da abin da zai yi da su gobe. Mai yaudarar kai yana tsallakawa daga wannan zuwa waccan gwargwadon wadda ta fi masa sauƙi. In an tuhume shi da abin da ya yi, sai ya ce ai wannan ba shi ne ainihinsa ba, zuciyarsa fari tas. In an ce ya canza, sai ya ce ai hali zanen dutse ne.

Misalinsa na farko wata mace ce da ta amsa gayyatar wani namiji karon farko. Ta san abin da yake nufi da ita, ta kuma san ba da daɗewa ba sai ta yanke shawara, amma ba ta son ranar ta zama yau. Duk yabon da ya yi mata sai ta tsame masa ma'anar girmamawa ta bar sauran. Can sai ya kama hannunta. In ta bar shi, ta yarda ke nan. In ta janye, daɗin hirar ya ƙare. Sai ta bar hannun, amma ta ƙi lura cewa ta bar shi. A daidai lokacin ne ta ɗauko zance mai zurfi a kan rayuwa, ta zama hankali tsantsa, hannun kuma yana can kwance tsakanin tafukansa tamkar wani abu da ba nata ba, bai amsa ba, bai ƙi ba. Michèle Le Dœuff ta yi wa wannan misali tambayar da ta dace: wa ya ba marubucin izinin sanin zuciyar matar fiye da ita? Sukar tana da ƙarfi. Duk da haka tsarin da misalin ya nuna gaskiya ne, kuma maza sun fi kowa iya shi: a bar abu ya faru ta hannunka, kai kana can wani wuri.

Wani misalin Sartre, na ɗan caca, ya fi taɓa ni. Jiya ya yi niyya da zuciya ɗaya cewa ya daina. Yau ya iso bakin teburin, sai ya tarar niyyar tana nan a ƙwaƙwalwarsa amma ba ta riƙe masa hannu. Sai ya sake yin ta sabuwa, yanzu, shi kaɗai. Wannan gano cewa ba abin da ya ɗaure ka, ko alherin da ka ƙudurta jiya, shi ne zullumin da yaudarar kai take neman rufewa.

Inda misalin ma'aikacin gahawa ya gaza

Ɗaliban falsafa sun fi haddace wani misalin dabam. Ma'aikaci ne a gidan gahawa: tafiyarsa da sauri fiye da ƙima, sunkuyawarsa ga baƙo ta yi yawa, yana riƙe da tire kamar mai tafiya a kan igiya. Sartre ya ce wasan zama ma'aikaci yake yi, yana so ya zama ma'aikaci yadda kurtun tawada yake kurtu, don ya manta cewa shi ne yake zaɓar tashi da asuba kullum ya share shagon ya ɗora gahawa.

A nan ban bi shi ba. Daga kujerar mai shan gahawa ba a ganin abin da ke zuciyar mai kawo ta. Mutumin yana iya sanin sarai cewa rawa yake takawa, yana taka ta da kyau don aikin ya yi kyau kuma ladan ya ƙaru. Mu Hausawa muna da misalin da ya fi wannan fitowa fili. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, in ana zancensa a gaban mutane sai ta kau da kai kamar bai dame ta ba, wani lokaci ma ta ce “yaron nan” kawai. In an auna ta da ma'aunin Sartre a gaggauce, sai a ce tana ɓoye wa kanta ƙaunarta. Alhali kowa a gidan ya san tana ƙaunarsa, ita ma ta sani, ɗan ma ya sani, kuma kau da kan shi ne yadda ake faɗin hakan. Kunya harshe ce da jama'a suka yarda da shi. A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa ta cikin siffofin mutumin kirki a nazarinsa na 1974, kuma ba wanda zai ce mai kunya ya ruɗi kansa don kawai ya bi ƙa'idarta.

Matsayi yana zama mafaka ne a ranar da ya nemi ka aikata abin da ka san kai ne za ka amsa shi, kai kuma ka ce kujera ce ta yi. Maurice Papon shi ne babban sakataren hukumar lardin Gironde a Bordeaux daga 1942 zuwa 1944, ofishinsa ya shirya takardun da aka kwashe Yahudawa kusan 1,600 da su. Bayan yaƙi ya zama shugaban 'yan sandan Faris, ya zama ministan kasafin kuɗi. Sai a 1998 kotu ta same shi da laifin haɗa hannu a cin zarafin bil'adama, ta yanke masa shekara 10. Kariyar da ya riƙe ita ce shi ma'aikaci ne mai bin tsari a ƙarƙashin mamaya. Wannan ne mutumin da babin yake nema, ba talakan da ke ɗauke da tire ba.

Ikirari a matsayin maɓoya

Yanzu ga inda nake ganin Sartre ya zo da abin da ba a saba ji ba. Hankali yana ba mu cewa maganin yaudarar kai shi ne mutum ya faɗi gaskiya a kan kansa. Sartre ya ce a'a, wannan faɗin gaskiyar ma yana iya zama reshen cutar.

Ya kawo mutane biyu. Na farko mai neman maza ne da laifi ke cin ransa. Ya amsa kowane abu da ya aikata ɗaya bayan ɗaya, amma ya ƙi amsa sunan da ayyukan suka tara masa, kullum yana da bayani: kuskure ne, tsautsayi ne, ya wuce. Na biyu abokinsa ne, mai kishin gaskiya, wanda ba abin da yake nema sai ya ji ya ce “ni haka nake,” in ya faɗa zai yi masa afuwa. Kowa zai ga yaudarar na farko. Sartre ya ce na biyun ma yana ciki. Yana so abokinsa ya mai da kansa abu gamamme, a rufe littafinsa, sannan kuma ya yabe shi don ya iya tsayawa gefe ya kalli wannan abu ya yi masa hukunci. To in ya iya tsayawa gefe, ashe bai gama zama abin ba. Abin da mai kishin gaskiya yake nema a zahiri shi ne a miƙa masa wuya, ya huta da zama da mutumin da ba a san abin da zai yi gobe ba.

Ku duba yadda abin yake idan mutum ya yi wa kansa. Wani ya zagi matarsa a gaban 'ya'yanta. Da yamma ƙaninsa ya same shi ya ce, “Yaya, abin da ka yi ɗazu bai kyautu ba.” Bai musa ba. Ya ce, “Ai ka san ni, ina da zafin zuciya, ni ba na ɓoye halina, abin da ke cikina shi ne a bakina.” A cikin numfashi ɗaya ya ci riba uku. Ya mai da zaɓin da ya yi da safe ya zama hali, hali kuwa ba a tuhumarsa kamar yadda ba a tuhumar tsawo ko gajarta. Ya tashi daga mazaunin mai laifi ya koma na mai gaskiya, har ƙanin yana jin nauyin ci gaba da magana. Ya kuma karɓi lasisin gobe, domin an riga an sanar. Ba ƙarya ko ɗaya a maganarsa. Matar kuwa har yanzu ba a ba ta haƙuri ba.

Wannan ne ya sa nake cewa “haka nake” ta fi “ban yi ba” haɗari. Mai musu ana iya kawo masa shaida. Mai ikirari ya riga ya karɓe shaidar ya mai da ita ado. Lionel Trilling, a littafinsa na 1972, ya bi tarihin yadda Turai ta tashi daga girmama mutumin da zahirinsa ya dace da baɗininsa don amfanin jama'a, ta koma girmama wanda yake bin ainihinsa ko jama'a ta so ko ta ƙi. Mai zafin zuciyarmu yana cin gajiyar duka biyun: yabon mai gaskiya da 'yancin wanda ba ya canzawa don kowa.

Alkawarin da bai cika ba

In musu yaudara ne, ikirari ma yaudara ne, ina mafita? A ƙarshen babin Sartre ya saka ɗan bayani a ƙasan shafi cewa akwai ta, sunanta sahihanci, amma nan ba wurin bayaninta ba ne. A ƙarshen littafin ya yi alkawarin wani littafi a kan ɗabi'a. Ya cika littattafan rubutu a 1947 da 1948, ya ajiye. Sai a 1983, shekara 3 bayan mutuwarsa, aka buga su. Abin da ya fi kusa da ma'ana shi ne wanda ya bayar a littafinsa na 1946 a kan ƙin jinin Yahudawa: mutum ya kalli halin da yake ciki ido buɗe, ya ɗauki nauyi da haɗarin da ke tattare da shi.

Matsalar wannan ma'ana ita ce ba ta ce komai a kan abin da aka zaɓa ba. Martin Heidegger ya riga shi, a 1927, bambanta rayuwar bin “abin da ake yi” da rayuwar wanda ya tuna mutuwarsa ya tsaya da ƙafarsa. A watan Mayun 1933 mai wannan bayani ya shiga jam'iyyar Nazi yana shugaban Jami'ar Freiburg, bai kuma fita ba har 1945. Theodor Adorno ya rubuta littafi guda a 1964 yana sukar yadda kalmomin sahihanci suka zama ƙawa marar ciki a Jamus. Ƙudurin zuciya kaɗai ba ya tsarkake abin da aka ƙudurta. Shi ma Sartre ba a ƙyale shi ba: a 1943 an nuna wasansa Les Mouches da izinin masu tace rubutu na Jamus, a gidan wasan da aka cire wa sunan Sarah Bernhardt saboda asalinta na Yahudawa.

Simone de Beauvoir ce ta toshe wannan kafa a littafinta na 1947. Ta ce 'yancina ba ya tsayuwa sai da na wasu, don haka wanda ya zaɓi danne wani ba zai kira zaɓinsa sahihi ba. Da wannan, ma'auni ya fito daga cikin ƙirji ya dawo tsakar gida, inda matar da aka zaga take.

Masu karatun zaure sun san wannan matsala ta wata ƙofa. Imam Gazali ya ware littafi guda a cikin Ihya'u don zargin ruɗuwa, ya kasa ruɗaɗɗu gida 4: malamai, masu ibada, sufaye da masu dukiya. Ya kuma ba da labarin kansa a littafinsa Munƙiz. A 1095, yana koyarwa a Nizamiyya ta Bagadaza gaban ɗalibai kusan 300, ya binciki niyyarsa ya tarar neman suna ne da matsayi. Ya yi kusan wata 6 yana kai-kawo, yau ya ƙudurta tafiya gobe ya fasa, daidai da ɗan cacan nan a bakin tebur, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi. Da ya tsaya a nan, ya rubuta ikirarinsa yana kan kujerarsa, da ya ƙara wa kansa sabon suna ne kawai, na malami mai tawali'u. Abin da ya ba ikirarin nauyi shi ne ya rabar da dukiyarsa ya bar garin, bai koma koyarwa a makarantar hukuma ba sai a 1106 a Naisabur. Bambancinsa da Sartre babba ne, domin shi yana da Wanda ya san zukata, Sartre kuwa ba shi da shaida sai idon mutane. Amma sun haɗu a kan cewa ba mai ikirari ne yake yanke wa ikirarinsa hukunci ba.

Akwai saura guda da ya kamata in ajiye a gabanku. Ma'aunin aiki yana ɗauka cewa kowa yana da filin yin aikin. Frantz Fanon, ɗan Martinique, ya nuna a littafinsa na 1952 cewa baƙar fata a Faransa ba shi ne yake fara cewa “haka nake” ba. Tun kafin ya buɗe baki wani yaro a jirgin ƙasa ya nuna shi da yatsa ya faɗa masa ko shi wane ne. In ya ƙi sunan, a ce yana gudun kansa. In ya rungume shi da alfahari, kamar yadda su Léopold Senghor da Aimé Césaire suka yi, sai ga Sartre a wata muƙaddima da ya rubuta a 1948 yana cewa wannan alfahari mataki ne kawai da za a wuce. Fanon ya ce wannan magana ta karya masa gwiwa, kuma ya tunatar da Sartre cewa baƙi da fari ba iri ɗaya suke jin nauyin jikinsu ba. A bakin mai zafin zuciya “haka nake” rufe ƙofa ce. A bakin wanda aka hana shi faɗin ko shi wane ne, ita ce aikin farko da ya samu damar yi, kuma babin 1943 ba shi da hanyar bambance su, domin bai tambayi wa ke da iko a kan wa ba.